Rezarbasiyo daban, biye daban

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga unguwar Birni nake, nan Damagaram. Ni da ƙannena muka haɗa kuɗi za mu kai Inna Umra. Wani mai harkar tafiye-tafiye ya karɓi kuɗin jirgi cif, ya turo mini takarda ta WhatsApp. A samanta an rubuta "réservation confirmée", ga sunan Inna, ga ranar tashi daga Yamai, ga wasu haruffa da lambobi guda shida. Ya ce biye ke nan. Akwai kuma "escale" a Adis Ababa. Hankalina ya ƙi kwanciya, Inna ba ta taɓa hawa jirgi ba.

Amsa: Wa alaikumus salam ƴar'uwa. Bari in fara da mai sauƙin. Eskal zango ne kawai. Kalmar ta masu jirgin ruwa ce, tushenta "scala" ta Italiyanci, wato tsanin da ake jinginawa idan jirgi ya tsaya a gaɓa. Mu ma haka muka yi: jirgi a Hausa na ruwa ne tun asali, matuƙi kuwa mai tuƙa shi ne, sai muka ɗora musu "sama". A Adis Ababa za a sauke Inna ta jira wani jirgin a cikin filin, abin da suke kira tiranzit. Wanda ya raka ta ya duba ƴar takardar da aka manna wa jakarta a Yamai. Idan ya ga JED, Jidda ke nan, MED kuma Madina, kaya za su wuce da kansu.

To, ga inda nake so ki buɗe kunne. Takardar da ke hannunki, yadda kika kwatanta ta, ba ta nuna an sayi biye ba. Rezarbasiyo kama wuri ne, kamar ki aika yaro tasha ya ɗora ɗankwali a kujera kafin ki zo da kuɗin mota. Haruffa shidan nan lambar fayil ce, ana ce mata PNR, kuma duk mai ajans da ke da kwamfuta yana fitar da ita cikin mintoci ba tare da ya biya ko dala ba. "Confirmée" kuwa nufinta akwai kujera an riƙe, ba ta taɓa nufin an biya ba. Kamfani yana ba da wa'adi, wani lokaci kwana ɗaya, wani lokaci ƴan kwanaki. Da wa'adin ya cika na'ura za ta goge sunan, ba mai kiran ki, takardar kuma tana nan a wayarki fes da tambarinta.

Kullum sai na yi wannan bayanin, kullum sai an kawo mini wata. Tsohuwa ta sha doguwar hanya daga Damagaram zuwa Yamai, an yi bankwana, an nemi gafara, ta isa filin jirgin Diori Hamani a ce sunanta ba ya ciki. A kira mai ajans, waya a kashe. In ya ɗauka ya ce "matsalar rezo ce". Wane rezo? Kuɗin mutane ya juya, yana jiran na wani ya toshe ramin. Abin da ya fi ba ni haushi, mu ne muke ba su ƙofa, wai kunya ba za ta bar mu mu tambayi Alhaji shaida ba don tare ake sallah.

Biye na gaskiya yana da jerin lambobi guda 13. Ukun farko na kamfani ne: 071 Ethiopian, 235 Turkish, 147 Royal Air Maroc, 065 Saudia. Tun ranar 1 ga Yuni 2008 IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ta daina ba da biye na takarda, don haka kada wani ya ce miki "asalin takardar tana hanya". Ba abin da ke hanya, lambar ita ce biyen. Ki ce ya turo miki ita yau. Sannan ki shiga shafin kamfanin jirgin a intanet da kanki, ki sa haruffa shidan da sunan dangin Inna, ki ga ko lambar ta fito. Ki sake dubawa bayan kwana biyu, domin mai ajans yana iya soke biye a ranar da ya fitar da shi, kuma akwai masu yin haka da zarar sun nuna wa mai kuɗi.

Ki gwada sunan da na fasfo harafi bayan harafi. Mu nan Hadiza ɗaya sai ta zama Hadjiza a wata takarda, Khadidja a wata, kamfani kuwa ba ruwansa. Biza ma abu ne daban da biye, ki nemi ganin ta da idonki.

Idan ya fara kwana-kwana a kan lambobin nan 13, ki ɗauki shaidar biyan kuɗin da wani babba a gida ku same shi a ofishinsa, tun ranar tashi ba ta matso ba.