Wu-Tang Forever: Musun Faifai Biyu da Batun Musuluncin Mawaƙan

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ina da ƙane ɗan shekara 19 wanda ya tsunduma cikin sauraron tsofaffin waƙoƙin gambarar Amurka, musamman na Wu-Tang Clan. Ni ma na saurare su a kaset lokacin da nake sakandare, saboda haka ban ga aibu ba da farko. Kullum shi da abokansa suna cikin musu a kan kundin Wu-Tang Forever: wasu sun ce shi ne ƙololuwar aikin ƙungiyar, wasu sun ce an cika shi da tarkace, faifai ɗaya ya ishe shi. Ina son jin ra'ayinka a kan wannan. Amma abin da ya hana ni sukuni shi ne yaron ya fara cewa mawaƙan 'yan'uwanmu ne Musulmi, tunda suna ambaton Allah da Makka da Madina, har na ji yana kiran abokinsa da "God" kamar yadda suke yi. Ya nuna mini wani bidiyo da ke tabbatar da hakan. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Damuwarka tana kan hanya, kuma kashi na biyu na tambayarka ya fi na farko nauyi nesa ba kusa ba. Bari in fara da musun, tunda shi ne mai sauƙi.

Musun da ƙanenka yake yi ya girme shi, domin an fara shi tun ranar 3 ga Yuni, 1997, ranar da kamfanin Loud ya fitar da kundin. Kafin nan ƙungiyar ta yi shekara uku da rabi ba ta fito da aikin haɗin gwiwa ba tun bayan kundinta na farko, 36 Chambers, na Nuwamban 1993, amma a tsakani, daga cikin mambobinta, Method Man da Ol' Dirty Bastard da Raekwon da GZA da Ghostface Killah kowa ya fitar da nasa kundin, kuma RZA, jagoran ƙungiyar, shi ne ya haɗa kusan dukkan kiɗan. Saboda haka mutanen da suka dawo ɗakin ɗaukar murya ba yaran yankin Staten Island na New York masu neman a san da su ba ne. Taurari ne tara, kowanne da mabiyansa, ga kuma Cappadonna da ya zama kamar na goma. Ga shi zamanin faifai biyu ne: 2Pac ya yi a 1996, Notorious B.I.G. ya yi a Maris na 1997, Bone Thugs-n-Harmony suka biyo baya a Yulin shekarar. Duk wanda yake jin kansa babba a lokacin sai ya nuna da yawan waƙoƙi.

Masu cewa a rage suna da hujja. Waƙoƙi 27 ne a bugun Amurka, kusan awa biyu, kuma ƙarshen faifai na biyu yana sanyi ƙwarai. "Black Shampoo" ta U-God da "Maria" su ne sunayen da ake fara kawowa idan ana lissafin abin da za a zubar, kuma ban taɓa jin wanda ya kare su da hujja mai ƙarfi ba. Ol' Dirty Bastard, wanda haukarsa ce ke karya tsaurin ƙungiyar, bai bayyana sosai ba. Akwai kuma waɗanda har yau ba su yafe wa RZA ba saboda ya bar ƙurar nan ta 36 Chambers ya koma ga kiɗa mai tsabta, da madannai da goge irin na "Reunited", ya kuma bar wa 4th Disciple da True Master wasu waƙoƙin.

Ni dai ina tare da ɗaya ɓangaren, ko da yake ba don dalilin da suka fi kawowa ba. Ta fuskar rubutun baiti, ƙungiyar ba ta taɓa kai wannan matsayi ba, kafinsa ko bayansa. Baitin Inspectah Deck da ya buɗe "Triumph", waƙar da ta haura minti biyar ba tare da amshi ba kuma aka saka ta a rediyo a haka, ya isa shaida. Baitin Ghostface a "Impossible", inda yake ba da labarin abokinsa da aka harba yana mutuwa a hannunsa, mujallar The Source ta zaɓe shi baitin shekara. "A Better Tomorrow" gargaɗi ne ga iyaye cewa 'ya'ya suna tasowa a kan abin da suka gani a gida. Muryar tsohuwar waƙa da RZA ya ƙara wa sauri a "For Heavens Sake" ita ce salon da Kanye West da Just Blaze suka yi suna da shi bayan shekaru huɗu. Faifai ɗaya ba zai ɗauki mawaƙa goma a ƙarfinsu ba, dole a danne wasu, kuma waɗanda za a danne su ne irin su Deck da Masta Killa da ba su da kundin kansu a lokacin. Sa'annan ka gwada tambayar masu cewa a rage su rubuta waƙoƙi 14 da za su bari: da wuya ka sami mutum biyu da jerinsu ya zo ɗaya.

Dalilin da ba na karɓa shi ne na ciniki. Gaskiya ne kundin ya shiga a lamba ɗaya a Amurka da Birtaniya, ya sayar da kwafi 612,000 a makon farko a Amurka, kuma RIAA, hukumar da ke tantance cinikin faifai a Amurka, ta ba shi shaidar platinum huɗu, wato shaidar sayar da miliyan huɗu. Sai dai hukumar tana ƙirga kowane faifai daban idan kundin ya wuce minti 100, wato platinum huɗun nan kwafi miliyan biyu ne, ba huɗu ba. Kuma idan lambar yabo ce hujja, No Way Out na Puff Daddy ne ya doke shi a Grammy na 1998, daren da Ol' Dirty Bastard ya hau dandamali ba a gayyace shi ba. Wannan ya ishi musun.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci, kuma ina roƙonka ka karanta shi a natse, domin kusan kullum sai na ci karo da wannan kuskure a wurin matasanmu, har da waɗanda suka yi karatu mai zurfi. Kalmar "Allah" da ke cikin Wu-Tang Forever ba ta nufin Ubangijin da kai da ƙanenka kuke yi wa sujada. Aƙidar da ke ratsa kundin daga farko zuwa ƙarshe ta wata ƙungiya ce da ake kira Five Percent Nation, ko Nation of Gods and Earths. Wanda ya kafa ta shi ne Clarence 13X, wanda ya kasance a masallaci mai lamba 7 na Nation of Islam, wata ƙungiyar baƙaƙen Amurka, a unguwar Harlem ta New York, inda Malcolm X yake limanci, ya fita a 1963, ya fara tara matasan titi a 1964, aka harbe shi a 1969. Ita kanta Nation of Islam ta wancan zamani tana koyar da cewa Ubangiji ya bayyana a jikin Wallace Fard Muhammad, mutumin da ya kafa ta a Detroit a 1930. Clarence ya ƙara gaba: ya ce kowane baƙin namiji shi ne Ubangiji, ya kuma laƙaba wa kansa sunan Allah, wa'iyazu billahi. A wurinsu babu wani Ubangiji na gaibu da ake bauta wa, suna ma kiran imani da shi yaudara. Har harafin sunan suka fassara da Turanci da sassan jikin mutum: hannu, ƙafa, ƙafa, hannu, kai.

Saboda haka idan ɗayansu ya kira ɗan'uwansa "God", ba laƙabin wasa ba ne irin "oga" ko "maigida". Furuci ne na aƙida, kuma mace a wurinsu ita ce "Earth", wato ƙasa. Makka da Madinar da ƙanenka ya ji ba na Hijaz ba ne: Harlem suke kira Makka, yankin Brooklyn na New York kuma Madina. Sunan RZA ma daga haruffansu na musamman ya samo fassararsa, kuma harafin ƙarshe yana tsaye ne a madadin "Allah" da wannan ma'ana tasu. Lambobin da ake ta jefawa cikin baituka, ɗaya ilimi, biyu hikima, uku fahimta, bakwai Ubangiji, duk darasinsu ne da suke kira Supreme Mathematics.

Ba a ɓoye wannan ba, kuma abin da ke ba ni takaici ke nan. Waƙar farko a faifai na farko, "Wu-Revolution", kusan minti bakwai ce babu baitin gambara ko ɗaya a ciki, Popa Wu, malamin mawaƙan a wannan tafarki, shi ne yake wa'azin wannan aƙida ƙarara: kashi 85 na mutane kurame ne makafi da ake ja, kashi 10 sun san gaskiya suna tsotsar jinin talaka, kashi 5 su ne malaman da suka san cewa baƙin mutum ne Ubangiji. Yawancin masu sauraro, a can da nan, tsallake wannan waƙa suke yi saboda tsawonta, har ma tana cikin waɗanda masu son a rage kundin suke fara zubarwa. Wato an tsallake bayanin, an riƙe kalmomin. Su kansu mabiya wannan tafarki suna faɗa da bakinsu cewa su ba Musulmi ba ne, kuma abin da suke kai ba addini ba ne. Mutum ya ce shi ba Musulmi ba ne, amma wani mai riƙe da waya a Kano ko Zinder ya yanko daƙiƙa 20 inda aka ambaci Allah, ya ɗora ƙira'a a ƙarƙashi, ya rubuta "masha Allah", dubban yara su yaɗa. Wannan ba ƙaunar Musulunci ba ce, neman mabiya ne, kuma mai yin sa ko dai bai taɓa sauraron kundin ba ko kuma ya sani ya ɓoye. Bidiyon da aka nuna maka, in dai irin waɗanda nake gani ne, daga wannan kasuwa ya fito.

Akwai 'yan kasuwar ɗaya gefen, su ma ba na raga musu. Su ne masu cewa tambarin W na Wu-Tang alamar ƙungiyar asiri ta Illuminati ce, mawaƙan sun sayar da ransu, duk wanda ya saurara aljani zai shige shi. Wannan ƙarya ce marar tushe, kuma illarta ita ce yaro mai wayo yana jin ta zai gane shirme ce, daga nan sai ya daina yarda da duk gargaɗin da za a yi masa, har da na gaskiya. Sunan ƙungiyar da Shaolin da suke kiran unguwarsu daga finafinan kung fu na Hong Kong suka samo su. Aƙidar Five Percent kuwa ta yaɗu ne a gidajen gwamnati na talakawa da gidajen yari na New York, tsakanin jikokin bayi da aka raba da harshensu da addininsu aka gaya musu su ba komai ba ne. Wanda aka yi wa haka, idan wani ya ce masa shi ne komai, ya kuma sa shi haddar darasi da barin naman alade da girmama kansa, ba abin mamaki ba ne ya karɓa. Ana iya fahimtar wannan ciwo, a tausaya, ba tare da an kira maganin da suka samu tauhidi ba.

Domin adalci, tarihin bai tsaya a 1997 ba. Bayan rasuwar Elijah Muhammad, shugaban Nation of Islam, a 1975, ɗansa Warith Deen Mohammed ya ja mafi yawan mabiyan ƙungiyar zuwa Musuluncin da muka sani, kuma akwai Musulmi na ƙwarai masu yawa cikin baƙaƙen Amurka. A cikin Wu-Tang ma, Ghostface Killah da Raekwon sun bayyana daga baya cewa sun karɓi Musulunci, kuma wanda ya furta shahada ba mu da hurumin tona zuciyarsa. Amma shahadar da mutum ya yi daga baya ba ta komawa ta canza ma'anar kalmomin da aka ɗauka a faifai shekaru kafin nan. Masu yanka bidiyo a nan suke cin nasara: su ɗauko gaskiya game da mutum biyu su lulluɓe mutum tara da kundi guda da ita.

Game da ƙanenka, kada ka ƙwace wayarsa, kada kuma ka tara masa 'yan gida, domin bai yi ridda ba. Kwaikwayon furuci yake yi wanda bai san asalinsa ba. Hukuncin sauraron kiɗa shi kansa ba fannina ba ne, malamanku na nan. Abin da zan iya ba ka shi ne hanya: kai da ka san kundin tun a kaset, ka shiga musun nasu da gaske, ka faɗi waƙoƙin da kai za ka bari da waɗanda za ka zubar, domin ya san da masani yake magana. Sa'annan ku zauna ku biyu ku saurari "Wu-Revolution" daga farko har ƙarshe da rubutattun kalmominta a gabanku, ka bar shi ya fassara maka da bakinsa jimla bayan jimla. Idan ya zo inda aka bayyana wane ne Ubangiji, ka tambaye shi ko abin da yake nufi ke nan lokacin da yake kiran abokinsa da wannan suna. Bayan haka ka roƙe shi ya kai wa abokan musun nasa abin da ya gano, domin su ma bidiyon nan ya iso wayoyinsu.