Filin Tambaya da Amsa: Ya Rantse Ya Daina Ƙwaya, Ya Kuma Koma

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana shekarunsa 23, shekara huɗu ke nan yana shan tiramol da kodin. An yi masa ruƙiya, ya sha rubutu, har ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya daina. Ba a yi mako biyu ba ya koma. Yanzu kawunnansa sun ce imani ne ba shi da shi, a kai shi gidan mari. Ni kuwa zuciyata ta ƙi. Me za ku ce?
Wata uwa, Kano

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sanyaya miki. Kada ki yarda a kai shi gidan mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani irin wannan gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka. Bayan azabar, akwai haɗarin da iyaye ba su sani ba: wanda aka tsare wata uku bai sha ba, jikinsa ya daina jure ƙwayar. Ranar da ya fito, in ya sha adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa.

Komawar da ya yi ba hujja ba ce ta rashin imani. Tiramol da kodin dangin juna ne, kuma jikin da ya shekara huɗu da su ya riga ya dogara da su. Cikin kwana ɗaya da dainawa za ki ga hamma, majina, gumi, gudawa, ciwon ƙashi da rashin barci. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya fara sauƙi wajen mako guda. Tiramol kuma yana ƙara da fargaba da ruɗewa, wani har ya riƙa jin muryoyi, sai a ce aljanu ne. Wannan matakin na likita ne. Ki kai shi sashen masu taɓin hankali na Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau, ya faɗa wa likita gaskiyar nawa yake sha a rana da abin da yake haɗawa da shi. Likita ba ya ba da magani fiye da miligiram 400 na tiramol a rana, amma wanda ake sayarwa a titi ƙwaya ɗaya kan kai 225, shi ya sa ake ganin masu sha suna faɗuwa kamar masu farfaɗiya.

To, ina addini ya shigo? Aikinsa na gaske yana farawa ne bayan an sallame shi, lokacin da jiki ya lafa amma yini ya yi masa tsawo. Mu dai abin da muke ba iyaye shawara shi ne a daina sa shi rantsuwar har abada. In ya karya ta, sai ya ji ya riga ya halaka, ya ƙara nutsewa. Wadda ya karya tana da kaffara kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta faɗa: ciyar da miskinai goma ko tufatar da su, in bai da hali ya yi azumin kwana uku. Ya yi kaffarar, a rufe wannan babi. Daga nan niyyarsa ta zama gajera, daga Asuba zuwa Azahar, daga Azahar zuwa La'asar. Ƙishin ƙwaya kan taso ne ya yi ƙarfi sannan ya faɗa, sau da yawa cikin rabin awa. In ya taso masa, ya tashi daga inda yake, ya yi alwala, ya yi raka'a biyu, ya kira mutum ɗaya da aka riga aka shirya da shi. Kiran nan kada a raina shi, domin kaɗaici na kayar da da yawa daga cikinsu.

Kawunnansa kuma a tuna musu hadisin da ke cikin Bukhari. An sha kawo wani sahabi saboda shan giya, sai wani ya tsine masa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Haramcin giyar ma ba a rana ɗaya ya sauka ba: aya ta 219 a Baƙara, sai ta 43 a Nisa'i, sannan ta 90 a Ma'ida. Ruƙiya da addu'a a ci gaba da su, amma malamin da ya ce a ajiye maganin asibiti, a canza malami.

Tambaya: Wata uku ke nan rabona da kodin. Ina salla a jam'i, amma komai ba ya mini daɗi, ji nake rayuwar ba ta da amfani. Ko tubata ce ba ta karɓu ba?
Wani matashi, Zariya

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, wata uku ba wasa ba ne. Abin da kake ji sananne ne. Ƙwaƙwalwar da ta saba da daɗin sirop, wato maganin tari mai kodin, tana ɗaukar watanni kafin ta sake jin daɗin abinci, hira da barci. Ba a auna karɓuwar tuba da jin daɗi; sharuɗɗanta su ne nadama, dainawa da ƙudurin rashin komawa, kuma ka cika su.

Abin da ya rage maka shi ne wani ya riƙa jiran ka. Nemi aikin da in ba ka zo ba za a lura: buɗe masallaci da Asuba, cika butoci, biya wa yara karatu a Islamiyya, ko koyon sana'a wurin maigidan da ya san halin da kake ciki. Ka duba lokacin da ka fi shan sirop a da, galibi tsakanin Magariba da dare ne, ka sa aikin daidai nan. Lambar mai sayar maka ka goge ta yau, majalisar da kuke zama ka canza hanya. Idan kuwa baƙin cikin ya wuce mako biyu ba ya ɗagawa, ko tunanin kashe kanka ya zo maka, ka je asibitin masu taɓin hankali na Barnawa a Kaduna ko asibitin koyarwa na ABU da ke Shika a ranar, kada ka jira. Ciwon damuwa yana da magani, shansa kuma bai saɓa wa tawakkali ba.

Tambaya: Maigidana yana shan D5 da rochi kullum. Ya ce ranar 1 ga Ramadan zai yanke gaba ɗaya. In ƙarfafa masa gwiwa?
Wata matar aure, Sakkwato

Amsa: Uwargida, ki ƙarfafa niyyar, amma ba wannan hanyar ba. Waɗannan ƙwayoyin barci sun bambanta da kodin: yanke su lokaci guda na iya jawo jijjiga da gushewar hankali, har ya kai ga rai. Rage su ake yi kaɗan-kaɗan cikin makonni ko watanni, a hannun likita. Ku je asibitin masu taɓin hankali na Kware tun a Rajab ko Sha'aban, likita ya tsara masa yadda zai riƙa ragewa da lokacin da zai sha tsakanin buɗa-baki da sahur.