Amsa ga ƙanwata kan mata marasa lafiya a labaran Sin

Salamu alaikum. Ƙanwata, na saurari muryarki, kina tambaya wai me ya sa a labaran Sin na zamani kullum mace tana kwance, ko tari ko wani ciwo. Na gane inda kika dosa, so kike ki ce marubutan raina mata suka yi. To wallahi ba haka ba ne.

Ki duba marubuciya Ding Ling, 'yar lardin Hunan, ita ma ai mace ce. A 1928 ta fitar da labarin Sophia, yarinya mai tarin fuka, ita kaɗai a ɗakin haya a Beijing, tana ɗumama madara tana sake ɗumamawa don lokaci ya wuce. Zaman jinyar nan shi ya ba ta sarari ta rubuta abin da mace ba ta isa ta furta ba a lokacin. Tana sha'awar wani kyakkyawan saurayi ɗan Singafo, alhali ta san ba komai a kansa sai kuɗi, shi kuwa Weidi mai sonta tsakani da Allah yana ta kuka a gabanta, ta kasa sonsa. 

Wani malaminmu a jami'a ya dage wai duk mace mai ciwo a labaran nan ƙasar Sin ake nufi, ƙasar da Turawa da Japan suka raunata. Har yau abin yana ci min rai, don na ɗaga hannu ya ƙi kula ni. To Zhenzhen fa, ta labarin ƙauyen Xia da Ding Ling ta fitar a 1941? Sojojin Japan suka yi mata fyaɗe, daga baya 'yan kwaminis suka riƙa tura ta wajensu tana kwaso bayanan sirri, ta dawo gida da ciwon sanyi. Matan ƙauye suka sa ta a baki, kowacce tana jin kanta mai tsarki don ita ba a taɓa ta ba. Tsohon saurayinta ya ce zai aure ta, iyaye har suna roƙonta, ta ƙi. Ta ce gara ta tafi Yan'an, cibiyar 'yan kwaminis a lokacin, a yi mata magani, ta yi karatu cikin mutanen da ba su san ta ba. A jikinta ciwon yake, ita ce ke jin zafinsa, kuma ita ta yanke wa kanta hukunci. Ta yaya za a ce wai ƙasa ce?

Kuma da wannan labarin aka yi wa Ding Ling sharri a 1958, wai ta ɗaukaka karuwa, aka kore ta gonakin Heilongjiang can arewa cikin sanyi. Ki fara karanta na Zhenzhen, gajere ne, ranar Asabar sai mu yi magana.