Baduku ko shumeka? Amsoshin tambayoyinku na wannan mako

Wani ɗan'uwa daga Gusau ya rubuto cewa ya kai takalminsa na fata a sake masa ƙasa, ya kira mai gyaran da "baduku", mutumin ya ce shi shumeka ne. Wa ke da gaskiya?

Ɗan'uwa, ka duba hannunsa, ba bakinsa ba. Shumeka ararriyar kalma ce, kuma ta zauna, ba na faɗa da ita. Ita ce sunan mai yawo da akwati yana ƙwanƙwasawa, ya goge maka takalmi, ya ɗinke hancin silifa. Amma wanda zai ɓamɓare tsohon ƙasan takalmi ya yanka sabo daidai ƙafarka, wannan dukanci yake yi, ko ya sani ko bai sani ba.

Kwanan baya na zauna gaban wani dattijo a kasuwar Talatar Mafara da sau-cikina da dunduniyarsa ta cinye gefe guda. Ya sa na taka kwali, ya zagaye sawuna da alƙalami, ya ce ƙafata ta dama ta fi faɗi, don haka zai saki fatar ta wajen babban yatsa. Ya shafa gam, ya ajiye ya sha iska, ya buga da guduma, sannan ya bi da basilla da zare. Wannan za a kira da sunan aro?

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda yaranmu ke cakuɗa sana'o'in. Majemi daban, baduku daban. Majemi shi ke jiƙa fata a ruwan toka ya kankare gashin, ya jeme ta da bagaruwa. Baduku ya karɓa, ya rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko, ya fitar da takalmi da kube da gafaka da linzami. Fatar jan akuyarmu ta ƙasar Sakkwato da Zamfara ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, fatu da ƙiraga na cikin kayan da ya riƙa kwasa zuwa kudu. Sana'ar da ke da Sarkin Dukawa ba ta rasa suna ba.

Wata malama daga Jega ta tambaya ko Dukkawan kudancin Kebbi da wajen Rijau su ne asalin dukawa. A'a, Malama. Waɗancan al'umma ce mai harshenta, da "k" biyu. Kamar sauti ce kawai.

Daga Gummi: maho ake yi wa takalmi ko faci? Maho na tufafi ne, faci ya shigo da tayar keke. A takalmi mutane faci suke cewa, ka bi su.

Wani ɗalibi daga Argungu yana son ma'anar "wanda ya sa takalmi shi ya san inda yake matsa masa". Ɗana, ma'anar a fili take, amma wannan ba karin maganarmu ba ce. Fassara ce daga Ingilishi, 'yan siyasa da wasu masu gabatar da shirye-shiryen rediyo suka yi ta nanata ta har kuka ɗauka gado ce. Bahaushe cewa ya yi, "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo". Ka ji bambancin: a nan akwai damina, akwai jinka, akwai mutumin da ke jan tabarmarsa gefe cikin dare. In kana son karin magana da takalmi, muna da namu. "Takalmin kaza, mutu ka raba", ana faɗinta kan abin da ya manne wa mutum ba rabuwa, aure ne ko hali, don ɓawon ƙafar kaza ba ya fita sai an yanka ta an zuba ruwan zafi.

Shi kuma mai tambaya daga Yawuri kan "sa takalmin ƙarfe": shirin doguwar zirga-zirga ne, irin ta mai bin bashin da ba a da niyyar biya. Na fata ƙarewa zai yi kafin kuɗin su fito.