Ƙanena, a bar filin nan tukuna

Saƙonka ya iso. Ka ce ka gama lisans a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, kana son ka biyo ni Faransa ka yi mastar kan tafiyar da kamfani, har kana shawarar a sayar da filinmu na hanyar Dan Isa. Filin dai a bar shi. Biza ma ta yi wuya tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a Janairun 2024.

In ka zo, za su karantar da kai Douglas McGregor, Ba'amurken da ya raba shugabanni gida biyu a 1960: mai ganin ma'aikaci rago ne sai an tsaya masa a ka, da mai ganin in an yarda da mutum zai ɗauki aiki kamar nasa. Wannan ai mun sani. Alhazan Maradi ba su shiga lakwal ba, amma dubi yadda suke riƙe yaran shago: a ci tare, a yi wa yaro aure, in ya yi gaskiya a yanka masa jari. Wa zai yi wasa da dukiyar wanda ya yi masa haka?

Abin da ba mu da shi daban ne, kuma a jikina na koye shi. Da na fara aiki a wani babban sito nan Lyon, na lura yadda ake jera kaya yana sa mu zagaye na banza kullum. Na yi shiru wata da watanni, don a gidanmu yaro ba ya gyara wa babba. Ni ina ganin ladabi nake yi, ashe shugabar sashenmu ta ɗauka aikin ne bai dame ni ba. Ranar da na daure na faɗa, sai ta ce me ya hana ni magana tun farko. Kunya ta kama ni, wallahi.

A masana'antun Toyota akwai igiyar da ƙaramin ma'aikaci zai ja in ya ga aibu, shugabansa ya taho da gudu, in ba a gyara ba layin ya tsaya. Ba a zaginsa. Daga irin waɗannan ƙananan gyare-gyare sabon abu yake fitowa. Yanzu ka tuna shagon Kawu. Yaron da ke ɗaukar buhu ya fi kowa sanin wace shinkafa ke kwana ba mai saye, amma wa ya taɓa tambayarsa?

Don haka ka je wurin Kawu ka yi wata shida. Ka zauna da yaran, ka rubuta abin da suka sani wanda ba su iya faɗa masa, ka nemi hanyar kai masa ba tare da ransa ya ɓaci ba. Ka turo mini abin da ya ce, sannan mu yi maganar takardu. Ka gaida Inna.