Kun Tambaya, Mun Amsa: Aikin Malamin Jami'a a Fannin Jagoranci da Ba da Shawara

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi digiri na farko a fannin ilimi, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata sakandare. Burina in zama malamin jami'a mai horar da masu ba ɗalibai shawara. Ta ina zan fara, kuma shekara nawa hanyar take ci? Daga wani malamin makaranta a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fara da duba sakamakonka. Wanda ya fita da daraja ta ɗaya ko ta biyu ta sama, jami'a kan iya ɗaukarsa a mataki mafi ƙasa, ya riƙa taimaka wa manyan malamai yana karatun digiri na biyu. Idan sakamakonka bai kai nan ba, ƙofa ba ta rufe ba: ka yi digiri na biyu a wannan fanni, sannan ka nemi gurbin mataimakin lakcara. Wanda digirinsa na farko ba na ilimi ba ne, galibi sai ya fara da babbar difloma ta koyarwa.

Matakan aikin bakwai ne a jami'o'in Najeriya: biyun da muka ambata, sai lakcara na biyu, lakcara na ɗaya, babban lakcara, mataimakin farfesa, sannan farfesa. Mai digiri na uku yakan shiga ne a lakcara na biyu, kuma ba tare da wannan digiri ba da wuya a kai babban lakcara. Tsakanin mataki da mataki aƙalla shekara 3 ne a yawancin jami'o'i, ka ga daga lakcara na biyu zuwa farfesa ƙarin girma huɗu ke nan, shekara 12 idan ba a samu tsaiko ko sau ɗaya ba. Ka ƙara da kimanin shekara 2 na digiri na biyu da aƙalla 3 na digiri na uku.

Wurin karatu kuwa, akwai Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, akwai Ilori mai sashe guda na horar da masu ba da shawara, akwai Ibadan da ta buɗe nata sashen tun 1976. Kada ka raina zangon gwajin aiki da ake tura ɗalibai makarantu. Ranar da ka zama malami, kai za ka zauna ka saurari yadda ɗalibinka ya yi da yaron da ya zo masa da matsala, ka nuna masa inda ya katse yaron da inda ya yi gaggawar yin nasiha. Wanda bai taɓa zama da mai damuwa ba, ba shi da abin da zai gyara wa wani.

Tambaya: Ina digiri na biyu, sau uku mai duba aikina yana mayar mini da taken kundina, wai an riga an gaji da su. Me malaman wannan fanni suke bincike a kai, kuma yaya zan zaɓi nawa? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Malama, mai duba aikinki gata ya yi miki. Wannan fanni ya shigo Najeriya ne ta ƙofar zaɓen sana'a: a 1959 wasu mata masu hidimar cocin Katolika a kwalejin St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato ma'aikata su yi wa 'yan matan ajin ƙarshe bayanin ayyuka. Shi ya sa zaɓen sana'a da dabarun karatu da fargabar jarrabawa suka fi kowane batu tarin kundaye. Idan nan kika nufa, sai kin zo da sabon abu.

Inda ake ƙishirwar bincike a Arewa ba ɓoyayye ba ne. Akwai shaye-shaye: binciken ƙasa na 2018 da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Akwai halin da ɗalibai ke shiga bayan sace-sacen 'yan makaranta irin na Ƙanƙara a Disamban 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021, da yaran sansanonin gudun hijira, da 'yan matan da suka bar makaranta, da zaman aure.

Amma batu kaɗai ba ya yin kundi. Tsarin da aka fi bi shi ne a ɗauki rukuni biyu, a auna su, a yi wa ɗaya zaman ba da shawara na mako 6 zuwa 8 da wata dabara sananniya, kamar ta Albert Ellis ta gyaran gurɓataccen tunani, sannan a sake aunawa. Ga inda yake lalacewa. Idan rukunan biyu a makaranta ɗaya suke, yaran za su ba juna labarin zaman a ɗakin kwana, bambancin ya ɓace. Idan hutu ya faɗo a tsakiya, rabin yaran ba za su dawo awo na biyu ba. Idan kuma ba a koma bayan wata ɗaya ko biyu an sake aunawa ba, babu mai iya cewa sauyin ya ɗore.

Babbar matsalar ita ce harshe. Ana raba wa ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare takardar tambayoyi da Turancin da bai gane ba, ya cike da ka, a zuba a kwamfuta a ce an samu sakamako. Ki sa mutum biyu su fassara ta zuwa Hausa kowa daban, ku daidaita, sannan wani na uku da bai ga ta asali ba ya mayar da ita Turanci a gwada. Ki lura da kalmar "damuwa": Bahaushe na kiran fargaba da ƙunci da gajiyar zuciya duk da ita, alhali ma'aunin ya raba su. Ki gwada takardar a kan yara kamar 30 da ba sa cikin binciken, ki tabbata ma'aunin Cronbach, lissafin da ke nuna ko tambayoyin suna auna abu ɗaya ne, ya kai 0.70. Wannan aikin fassara da tantancewa shi kansa ya isa kundi, kuma wasu za su daɗe suna amfani da shi. Kada ki manta da izinin iyaye ga 'yan ƙasa da shekara 18, kuma yaron da ya ambaci kashe kansa a miƙa shi ga likita nan take, ko asibitin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna.

Tambaya: Wata mujalla ta ce in biya kuɗi ta buga maƙalata cikin mako ɗaya. Za a ƙirga mini ita a ƙarin girma? Daga wani lakcara a Sakkwato.

Amsa: Dakta, ka riƙe kuɗinka. Mujallar kirki tana aika maƙala ga masana su tantance, abin da kan ɗauki watanni. A matakin mataimakin farfesa da farfesa, ana tura ayyukanka ga masu tantancewa daga wasu jami'o'i, kuma sun san waɗannan mujallu sarai. Karɓi kundin ƙa'idojin ƙarin girma na jami'arku, don adadin maƙalu da makin kowace iri sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Duba ko mujallar tana cikin Scopus ko AJOL, rumbunan intanet da ke jera mujallun bincike da aka tantance. Ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, wadda aka kafa a 1976, tana da mujalla da taron shekara-shekara. Kuma ka tsaya kan layi ɗaya ko biyu. Maƙala goma kan shaye-shayen matasa sun fi nuna gwaninta a kan ashirin da kowace ta kama gabanta. Kuɗin bincike kuwa, nemi tallafin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta ofishin bincike na jami'arku.

Tambaya: Digirina na nan zai ba ni damar koyar da wannan fanni a Amurka? Daga wata malama a Kano.

Amsa: Ba kai tsaye ba, Hajiya. Can akwai hukumar tantancewa, CACREP, da aka kafa a 1981, kuma sassan da ta amince da su suna neman sababbin malamai na dindindin su zo da digiri na uku a horar da masu ba da shawara da sa ido kan aikinsu. Digiri na biyu ma a tsarinta sai an yi awa 100 na gwajin farko da awa 600 na aiki a ƙarƙashin kulawa, 240 daga ciki ido da ido da masu neman shawara. Don haka ki fara rubuta awannin da kike yi tun yanzu, da kwanan wata da sa hannun mai kula da ke, domin za su taimaka miki ranar da kike neman gurbin digiri na uku a can.