Lauyan da dillali ya kawo ya isa in sayi gida a Kano?

Malam, gaskiya kar ka yarda da lauyan da dillali ya kawo maka, shi dillali la'adarsa kawai yake hange. Nemo naka, wanda ofishinsa ke nan Kano kuma ya saba shiga da fita a KANGIS, wato hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, shi zai je ya duba fayil ya ga ko sunan da ke kan takardar mallaka na mai sayarwar ne, ko ma an jinginar da ita a banki. In gidan gado ne kuwa sai kowane magaji ya sa hannu, har matan, nan ake yawan rigima wallahi. Ka tambayi lauyan naka batun amincewar gwamna da cinikin, dokar filaye ta 1978 ta wajabta. Kuɗin aikinsa ku yanke tun kafin ka ba da kafin alƙalami.